Ƙara wa tsohon inji ciki ta hanyar bilbirken: yadda ake yi da abin da ke biyo baya

Ran wata Litinin, kashegarin kasuwar Mirya, ina zaune a wani gareji cikin Sabon Gari a nan Damagaram ina jiran a ɗaure mini birki. A gefena akwai Peugeot 404 bashe, irin waɗanda har yau ke jigilar buhunan gero da ƴan kasuwa, an sauke injinta an baje kayan cikinsa a kan tsohon buhu. Direbanta, saurayi ne da bai kai shekarun motar ba, ya tsuguna kusa da tsohon makaniken ya ce, "Baba, tunda dai an riga an buɗe shi, a ƙara masa ciki mana. Na gani a waya, Turawa na canja bilbirken kawai, ƙaramin inji ya koma babba." Dattijon ya goge hannu da tsumma, ya ɗauki fistan ɗaya ya juya shi, ya ce, "Ɗana, wanda ya tsawaita wa raƙumi ƙafa, sai ya shirya ɗaga ƙofar zaure."

Abin da yaron ya gani gaskiya ne, ana yi, kuma yana aiki. Kalma ɗaya ce kuskure a maganarsa, ita ce "kawai". Ina ƙaunar tsofaffin motocin nan, a cikinsu na tashi, kuma yana yi mini ciwo in ga an kashe injin da ya yi shekara hamsin yana ciyar da gida saboda milimita huɗu da ba a lissafa ba. Shi ya sa na ga ya dace a warware maganar daki-daki.

Ƙarfen da muke ce wa bilbirken, sunan da muka aro daga Faransanci, in ka tsallaka Kano za ka ji ana kiransa kiranshaf. Duk wanda ya taɓa leƙa ƙarƙashin keken ɗinki na ƙafa ya ga ƙaninsa: tela na taka feda sama da ƙasa, wani sanda na ɗaukar motsin ya kai wa ƙarfe mai lanƙwasa kamar gwiwa, babbar ƙafar keken ta yi ta juyawa. A cikin inji fistan ne ke hawa da sauka, biyel ne sandan, bilbirken ne mai gwiwar. Yana da wuya iri biyu. Akwai wuyan kwanciya, waɗanda ke jere a layi ɗaya a tsakiya, a kansu yake juyawa cikin bulok, wato gangar jikin inji. Akwai wuyan biyel, waɗanda aka kauce da su gefe. Nisan da ke tsakanin tsakiyar wuyan kwanciya da tsakiyar wuyan biyel, in ka ninka shi biyu, shi ne tafiyar da fistan ke yi daga can sama zuwa can ƙasa. Zan kira ta taku. Gwiwa mai kaucewar milimita 36.5 tana ba da takun milimita 73.

Cikin inji kuwa, wato yawan iskar da fistan ke sharewa, lissafinsa ba wuya. Ka ninka faɗin silinda da kansa, ka ninka da 0.7854, ka ninka da taku, ka raba da 1,000, ka samu cikin silinda ɗaya a ma'aunin cc. Injin fetur na 404, motar da ta fito a 1960, faɗin silindarsa milimita 84 ne, takunsa 73. Kowace silinda na ɗaukar kusan cc 404.5, huɗun su tashi 1,618. To hanya biyu ce kaɗai ta ƙara wannan adadi: ko a faɗaɗa rami, ko a tsawaita taku. Faɗaɗa rami yana da iyaka ta kusa, domin bayan bangon silinda ruwa ne. Shi ya sa ido ke komawa kan bilbirken.

Kamfanonin da kansu sun bi wannan hanya, kuma shaidar na yawo a titunanmu. Da Peugeot ta fitar da 504 a 1968, ta bar faɗin silinda a 84 ɗinsa, ta kai taku 81, ciki ya zama 1,796. Milimita 8 kacal sun kawo cc 178, kashi 11 cikin ɗari. Sai a 1970 ta faɗaɗa ramin zuwa 88, aka samu injin 1,971 da kowa ya sani, wanda ya cika motocin da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna tun daga 1975. Land Rover ma haka: injinta na 2,286 yana da takun 88.9, a tsakiyar shekarun 1980 aka kai shi 97 ba tare da an taɓa faɗin silinda ba, ya zama 2,495. Volkswagen mai siffar kunkuru ta tashi daga 1,192 zuwa 1,285 da ƙarin taku daga 64 zuwa 69. Masu sha'awar wannan motar a Turai da Amurka suna wuce nan nesa, suna sa bilbirken mai takun 82 da silinda mai faɗin 94, injin da aka saba gani da 1,584 ya koma 2,276.

Me ake samu? Ƙarfin murɗawa, musamman a ƙaramin juyi. Kowane bugu yana ƙona cakuɗen iska da fetur fiye da da, kuma yana tura gwiwa mai tsawo, kamar yadda yaron gareji ke zura bututu a sifana in notin taya ya ƙi kwancewa. Ga motar da ke tashi da lodi, ko ke kutsawa cikin rairayi a hanyoyin ƙauye wajen Gure da Tanut, wannan shi ne ƙarfin da direba ke ji a jikinsa: ba ya yawan sauko da giya, mota ba ta shaƙewa a hawa. Amma gudu na can sama ba ya ƙaruwa daidai da haka, domin ƙofofin shaƙar iska a kulas, wato murfin saman inji, suna nan yadda suke. Ka ƙara wa mutum girman huhu ka bar masa hancinsa, in ya sheƙa da gudu hancin ne zai tsayar da shi. Injin da aka tsawaita wa taku yakan kai ƙololuwar ƙarfinsa da wuri, ya gaji da wuri.

Hanyoyin tsawaita takun uku ne, kuma ba darajarsu ɗaya ba.

Ta farko ita ce aron bilbirken daga babban wa a gida ɗaya. Misalin da ya fi shahara a duniya na Chevrolet ne a Amurka. Injinsu mai silinda takwas da ake kira 350, wato lita 5.7, takunsa inci 3.48 ne. Ɗan'uwansa 400, da aka ƙera daga 1970 zuwa 1980, nasa 3.75 ne. Makanikai suka lura za a iya sassaƙe wuyan kwanciyar na 400 daga inci 2.65 zuwa 2.45 ya zauna cikin bulok na 350, a ɗan share silinda da inci 0.030, a samu injin da suka sa wa suna 383, kusan lita 6.3. Alherin wannan hanya shi ne ƙarfen da ka ɗauko an ƙera shi tun asali da wannan taku, da kaurinsa da ramukan mansa. Duk da haka ko su ba su tsira da bilbirken kaɗai ba. Na 400 ba a daidaita nauyinsa duka a cikinsa ba, an bar wani kaso a jikin bolan, wato faifan ƙarfe mai nauyi na baya, da fulin gaba, dole a haɗo da su ko a sake daidaita shi. Wanda ya manta da wannan, injinsa zai yi ta rawar ɗari har ya cinye kusine, wato siraran ɓawon ƙarfen da wuyan ke juyawa a ciki.

Ta biyu ita ce sassaƙa a kauce, kuma ita ce ta fi jan hankalin mutanenmu saboda ba ta buƙatar sayen wani ƙarfe. Kullum in wuyan biyel ya ci, ana kai shi wurin masu rektifiye, a ɗora shi a inji, dutse ya rage masa kauri daidai ta kowane gefe, da milimita 0.25 ko 0.50 misali, a sa kusine mai kauri ya cike gurbin. Tsakiyar wuyan ba ta motsa ba, taku bai canja ba. Amma in aka ci ƙarfen daga gefen ciki, wanda ke kallon tsakiyar bilbirken, aka bar gefen waje, tsakiyar wuyan za ta matsa waje. Ɗauki wuya mai kaurin milimita 50 a mayar da shi 48 ta wannan hanya: tsakiya ta matsa da milimita 1, taku ya ƙaru da 2. Ƙa'idar ke nan, iyakar abin da za ka ƙara a taku shi ne abin da ka rage a kauri, kuma hakan ma in wuyan lafiyayye ne bai ci ba.

To mu zauna mu lissafa ribar. A inji mai silinda huɗu da faɗin 84, milimita 2 na taku suna kawo cc 44. Bai kai kashi 3 cikin ɗari ba. In kuwa ka tsaya a ragin 0.50 domin ka samu kusine a kasuwa, ribar cc 11 ce, abin da ko direban da ya fi kowa sanin motarsa ba zai ji ba. Kuma wuya mai kaurin 48 yana neman biyel na wata mota mai bakin da ya dace, da faɗin da ya dace, da tsawon da ya dace. A ƙasashen da ake yin wannan aiki sosai akwai kundin da ke jera girman kowane biyel, a yi oda a kawo. Mu nan sai dai a zazzage tarin kayan kas, wato na motocin da aka kwance, ko a aika Ƙofar Ruwa a Kano, a yi ta gwaji da ma'auni.

Abin da ake biya a wannan hanya ya fi ribar yawa, kuma a nan nake son mai karatu ya ɗan tsaya. In ka kalli bilbirken ta kansa, kamar kana leƙa bututu, za ka ga da'irar wuyan kwanciya da ta wuyan biyel sun hau juna. Wannan hawan shi ne ƙashin bayansa. Lissafinsa: haɗa kaurin wuyan biyu, cire taku, raba biyu. A misali, wuyan kwanciya 60, na biyel 50, taku 73, hawan ya zama 18.5. Rage wuyan biyel zuwa 48, taku ya koma 75, hawan ya sauka 16.5. Ka rage wa ƙarfen ƙwari a daidai lokacin da ka ƙara masa aiki. Sannan fatar wuyan ba irin cikinsa ba ce. Kamfani na taurara ta, wani da zafin lantarki, wani da gasa shi cikin iskar nitirojin, kuma wannan na biyun kaurinsa bai kai milimita ɗaya ba. Dutse ya ci milimita 2 a gefe guda, taurin ya tafi, sai an sake gasa shi, aikin da ba kowace masana'anta ke da tandarsa ba.

Akwai kuma kusurwa. Inda wuya ya haɗu da kumatun bilbirken ba a yanke shi tsaye kamar kusurwar bulo ba, an yi masa ɗan lanƙwasa mai santsi, kamar inda yatsa ya haɗu da tafin hannu. Duk wahalar da ƙarfen ke sha a nan take taruwa, lanƙwasar ce ke raba ta. Mai rektifiyen da bai gyara bakin dutsensa ya yi wannan siffa ba zai bar kusurwa mai kaifi, kuma daga nan tsaga ke farawa. Na taɓa riƙe bilbirken da ya karye a hannuna, na motar wani kawuna, bayan an yi masa aiki a wani wuri da ba zan faɗa ba. Ta yi ƴan watanni lafiya lau, ran nan a hanyar Tanut ta yi ƙara sau ɗaya ta tsaya. Da aka buɗe, fuskar karayar kashi biyu ce. Fiye da rabinta sumul take, mai duhu, da layuka zagaye-zagaye kamar sawun iska a kan rairayi, duka sun taso daga ɗigo ɗaya a kusurwar nan. Sauran kuwa fari ne, garje-garje, kamar an karya sukari. Layukan nan tarihin tsagar ne, tana ci kaɗan-kaɗan a kowane juyi, kawu na tuƙi bai sani ba. Farin shi ne abin da ya rage ya tsinke a daƙiƙa guda. Biyel ya huda bulok, inji ya tafi gaba ɗaya.

Ta uku ita ce a yi wa wuyan ciko da walda a gefen waje, sannan a sassaƙe shi ya koma kaurinsa na asali a sabuwar tsakiya. A nan kana iya samun milimita 6 ko 8, ka kuma ci gaba da biyel da kusinenka. Masu wannan sana'a na gaskiya suna da injin walda da ke binne wutar ƙarƙashin wani gari, bilbirken na juyawa a hankali, ƙarfe na kwanciya layi-layi. Suna ɗumama shi tukuna, su bar shi ya huce sannu, su miƙar da shi domin zafi na lanƙwasa shi, su sake buɗe ramukan mai da walda ta toshe, su duba tsaga da garin ƙarfe da maganaɗisu. Kuma sai bilbirken na ƙarfen da aka ƙera da dukan guduma. Na zubi ba ya karɓar walda da kyau, yakan tsage a gefen ɗinkin. Ana gane su da ido: na zubi yana da siririn layi a jikinsa inda rabin kwamin biyu suka haɗu, na ƙira layinsa mai faɗi ne kamar an goge. In ka rataye su ka ƙwanƙwasa, na ƙira ya fi daɗewa yana amo. Ina girmama masu waldarmu, sun sha fid da mu kunya a kan shasi da sifirin, amma walda da sandar hannu a bakin titi ba ta wannan aiki ba ce. Wurin da tazarar mai tsakanin wuya da kusine take kusan milimita 0.05, ƙasa da kaurin gashin kai, ba ya yafe kumfa ko ɗaya a cikin ƙarfe.

Yanzu ga ƙofar zauren da dattijo ya ambata. Tsawon bulok daga tsakiyar bilbirken zuwa inda kulas ke zama a tsaye yake. Abu uku ke cika shi: rabin taku, tsawon biyel, da tsawon fistan daga fil ɗin da ya haɗa shi da biyel zuwa kansa. In ka ƙara taku da milimita 8, fistan zai ƙara hawa da 4, ya ƙara sauka da 4. Wanda ya jefa bilbirken mai takun 81 a gurbin mai 73 ya bar tsofaffin fistan da biyel, kan fistan zai leƙo waje ya daki kulas tun kafin a tada injin. Dole a cire milimita 4 ɗin daga wani wuri: ko gajeren biyel, ko fistan da aka ɗaga masa ramin fil, ko bulok mai tsawo. Na biyun ya fi. Gajeren biyel yana ƙara karkacewa a tsakiyar tafiya, yana danna fistan jikin bangon silinda, bango da segiman, wato zobban fistan, su yi saurin ci. Masu 383 sun san wannan, shi ya sa da yawa suke barin biyel na 400 mai inci 5.565, su ɗauki na 350 mai 5.7 da fistan na musamman. Dabarun da ake yi a gaggauce, wato sassaƙe kan fistan ko ninka gasket biyu, na farko yana sirance wurin da ya fi shan wuta, na biyu yana buɗe ƙofar da ruwa zai shiga silinda.

Ko an daidaita tsawon, matsi zai hau. Ana lissafa shi da haɗa cikin silinda da ɗan ɗakin da ke saura in fistan ya kai sama, a raba da ɗan ɗakin. A ce ɗakin cc 58 ne. Da cc 404.5 matsi kusan 8 ne, da cc 449 ya kai 8.7. A ƙasa mai sanyi da fetur mai kyau wannan riba ce. A Damagaram, inda Afrilu da Mayu ke wuce digiri 40, mota na ɗauke da lodi, lagireto ya tsufa, kuma ba kullum ake shan man famfo ba, wani lokaci na kwalba ne wanda ba ka san asalinsa ba, wannan ƙarin na iya haifar da ƙarar nan kamar ana kaɗa tsakuwa cikin gwangwani in an taka a hawa. Cakuɗen ne ke fashewa da kansa kafin wuta ta iso shi. Yana fasa gadar segiman, yana huda kan fistan. Tun da matatar man fetur ta SORAZ ta fara aiki a 2011 samun man famfo ya yi mana sauƙi fiye da da, amma motar da ke kwana a ƙauye abin da ta samu take sha. Maganin shi ne fistan mai ɗan kwarmi a ka, a auna ɗakin da sirinji da mai, a rage gaggawar wuta, a sake jiklar kafireta, wato ƴar kafar da fetur ke bi, domin babban ciki na neman ƙarin fetur. Ƙarin fetur ƙarin zafi ne, don haka lagireto da famfon ruwa sun shiga lissafi.

Ƙasa ma akwai rigima. Gwiwa mai tsawo tana zana babbar da'ira, kan notin biyel yana iya gogar gindin silinda, ko bangon bulok, ko kamshaf, ko kwanon mai. Siket ɗin fistan yana iya taɓa kumatun bilbirken in ya sauka. Ana haɗa komai ba segiman, a juya da hannu a hankali, a shafa alli ko shuɗi a ga inda ya goga, a rage da ɗan dutse har a samu tazarar kusan milimita 1.5 ko'ina. A kan fistan a manna ɗan kaki, a ɗaura kulas, a juya sau biyu, a buɗe a yanka kakin a auna abin da bawul ya bari. Injinan Peugeot ɗin nan suna da shemiz, wato bututun silinda, da ake zarewa, ruwa na kewaye da shi kai tsaye, kuma hatimin da ke raba ruwa da mai yana ta ƙasa. Mai rage ƙarfe a wannan yanki ya san inda zai tsaya.

Sai saurin fistan. A juyi 5,000 cikin minti, fistan mai takun 73 yana tafiyar kusan mita 12.2 a daƙiƙa, mai 81 yana yin 13.5. Sau biyu a kowane juyi sai ya tsaya cak ya juyo, kuma fizgar da yake yi wa biyel da notinsa tana hawa da ninkin juyi: ka ninka juyi biyu, fizga ta ninku huɗu. Ba banza ba Peugeot ta tashi daga wuyan kwanciya uku zuwa biyar a injin 404 a tsakiyar shekarun 1960, Land Rover ma ta yi haka wajen 1980 kafin ta tsawaita taku. Tsohon inji mai wuya uku, in ka ƙara masa taku, tsakiyarsa na bulala. Toyota ma ta taɓa yin akasin abin da muke magana: injin 2F na Land Cruiser yana da takun 101.6 da ciki 4,230, magajinsa 3F aka rage masa taku zuwa 95, ciki ya sauka 3,955, ya fi sakin jiki a babban juyi.

Injin gazwal kuwa kada ma a fara. Matsinsa a tsofaffin motocin nan ya wuce 20, tazarar kan fistan da kulas wajen milimita ɗaya ce ko ƙasa da haka. Ko a rektifiye na yau da kullum, in mai aiki ya ɗora bilbirken a karkace, gwiwa ɗaya ta fi ƴan'uwanta da kaso kaɗan na milimita, silinda ɗaya za ta riƙa bugu daban. Na fi jin tsoron wannan canjin taku da ba a yi niyya ba fiye da wanda aka yi da gangan, domin ba wanda ke aunawa. Duk wanda aka dawo masa da bilbirken daga rektifiye, ya sa a auna fitowar kowane fistan a sama kafin a rufe kulas, ya kuma bi kusurwoyin da farce.

Ra'ayina ga mai tsohuwar mota a garin nan shi ne ya fara tambayar kansa ƙarfin da yake nema, sabo ne ko wanda ya ɓace. Injin da ya sha ƙurar hunturu shekara da shekaru, segiman sun ci, bawul ba sa rufewa, dalko mai raba wuta na wasa, ya zubar da ƙarfin da ya fi cc 44 nesa ba kusa ba. Sabon shemiz da fistan da segiman, da gyaran kujerun bawul, da matatar iska ta kirki, za su dawo masa da motar da bai taɓa sani ba. In bayan haka har yanzu lodinsa ya fi ƙarfinta, injin babban wa cikakke, wanda injiniyoyin kamfani suka riga suka daidaita fistan da biyel da bulok ɗinsa, ya fi araha da kwanciyar rai, kuma 404 da yawa a yankin nan da injin 504 suke yawo. Ya tuna da kulochi da giya da birki, su ma za su ɗauki ƙarin, ya kuma daidaita takardunsa, tunda inshora da binyet suna bin ƙarfin da aka rubuta a kart giriz. Sassaƙa a kauce da ciko da walda na bar wa wanda ke gina motar sha'awa, mai kuɗin yin odar fistan, mai wata motar da zai hau in wannan ta kwanta. Ga wanda bashe ɗaya ce jarinsa, garin neman gira yana iya rasa ido.

Kafin a gama mini birki na ga dattijon ya rataye bilbirken 404 ɗin da waya a jikin reshen dogon yaro, ya ƙwanƙwasa shi da sifana, ya kasa kunne har amon ya mutu. Ya sauke shi ya wanke da gazwal, ya ɗauko ma'auninsa daga cikin wani ƙyalle, ya auna kowane wuya ta fuska biyu yana rubuta lambobin da alli a ƙofar gareji. Uku suna cikin ƙa'ida, na huɗu ya ɗan zama ƙwai. Ya ce da direban za a kai shi a rage duka huɗun zuwa girman gyara na farko, a tsakiyarsu ta asali, kuma shi da kansa zai raka shi ya tsaya a kan maganar kusurwa. Yaron ya ce, "To Baba, maganar ƙarin cikin fa?" Ya ce masa ya yi kasuwar Mirya huɗu da sabon shemiz tukuna, in har lokacin yana so, akwai wani injin 504 da ya sani a ajiye a Zango, sai su je su buɗe kwanon mansa su gani.